Yadda Ake Yin Digiri na Biyu da na Uku a Fannin Haske da Lantarki: Jagora Daga Sakkwato

Tambayar nan ta yi yawa, musamman daga ƙannenmu da suka gama Fiziks a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, da kuma masu digirin injiniyan lantarki: wane sharaɗi ake nema kafin a ɗauki mutum karatun ilektiro-optiks, nawa ake kashewa, kuma me ake yi har a kai ga karɓar shaida? Fannin dai shi ne inda ake sarrafa haske da wutar lantarki, a kuma mayar da haske saƙo. Leza, wayar fayiba mai ɗauke da intanet, kyamarar da ke gani cikin duhu, na'urar auna nisa da haske, duk 'ya'yansa ne. Wasu jami'o'in fotoniks suke kiransa, wasu optiks kawai, don haka in kana bincike a intanet ka gwada sunayen duka uku.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: a wannan karatu malami da ɗakin gwaji kake zaɓa, sunan makaranta yana biye ne daga baya. Da kai nake magana, amma ke ma 'yar'uwa, duk abin da ke nan ya shafe ki.

Mataki na 1: Baje takardunka ka dube su da idon gaskiya

Digirin farko da ake karɓa shi ne Fiziks ko injiniyan lantarki. Ana ɗaukar masu Lissafi, Kemistiri ko injiniyan kanikanci a wasu wurare, sai dai akan ɗora musu kwasa-kwasan cike giɓi.

A gida Najeriya, abin da aka saba nema don digiri na biyu shi ne kiredit 5 a sakandare har da Turanci, Lissafi da Fiziks, digiri mai daraja ta biyu, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa. Mai daraja ta uku ko mai babbar difloma yakan fara da diflomar gaba da digiri tukuna. A Amurka kuwa ma'aunin da aka fi ambata shi ne maki 3.0 cikin 4.0.

Gargaɗi: kada ka lissafa makinka da kanka daga ma'auninmu na 5 zuwa nasu na 4 ka rubuta a fom. Ka saka yadda yake a takardarka, ka nuna cewa cikin 5 ne. Su ne za su juya shi, ko su tura ka wurin masu tantance takardu irin su WES. Wanda ya yi wa kansa gwaninta a nan, in lissafinsu ya saɓa da nasa, kallon maƙaryaci za a yi masa.

Mataki na 2: Gyara lissafinka kafin ka nemi gurbi

Mutane na tsallake wannan mataki, kuma shi ne ke kayar da su a zangon farko. Malamin da zai koyar da kai yadda haske ke bazuwa ba zai tsaya ya sake koya maka lissafin aji uku ba. Ka ware wata 4 zuwa 6 ka koma kan waɗannan: dokokin Maxwell guda huɗu har ka iya fitar da lissafin igiyar haske daga cikinsu da biro da takarda, lissafin Fourier mai rarraba igiya zuwa ƙananan igiyoyin da suka haɗa ta, lissafin matiris, domin da shi ake bin hasken da ya ratsa gilasai a jere, sai ɗan abin da ya sawwaƙa na kwantom da na sinadaran da ake ƙera tiransisto da su. In lokaci ya ƙure maka ka zaɓi ɗaya, to ka zaɓi Fourier. Rabin fannin nan a kansa yake zaune.

Sannan ka koyi rubuta umarnin kwamfuta. Python kyauta ne, kuma kwamfutar hannu mai matsakaicin ƙarfi ta ishe shi. MATLAB na kuɗi ne, amma Octave yana yin kusan aikinsa ba ko sisi. Manyan manhajojin zana gilasai irin su Zemax, da na kwaikwayon gwaji irin su COMSOL da Lumerical, tsadarsu ta fi ƙarfin ɗalibi. Jami'a ce ke sayen lasisi. Kada ka ɓata lokaci wajen neman na sata. Ka ɗauki ƙaramin aiki guda, misali ka zana a kwamfuta yadda haske ke fita idan ya bi ta tsaga biyu, ka kammala shi tsaf, ka adana. Zai yi maka amfani a mataki na 4.

Mataki na 3: Gida ko waje?

A gida, hanyar da aka fi bi ita ce a yi digiri na biyu a Fiziks ko injiniyan lantarki, sai a karkata binciken zuwa haske. Ba abin rainawa ba ne, in ka zaɓi batun da kayan aikinsa ke hannu. Sakkwato na da rana da ƙura fiye da bukata, kuma duka biyun abin bincike ne: yadda ƙurar hunturu ke rage hasken da ke isa farantin sola, yadda take tarwatsa hasken leza a sarari, ko ƙera ƙaramin ma'auni na fayiba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke jami'ar Danfodiyo ta daɗe tana aikin hasken rana, kuma a Ilorin akwai tashar AERONET mai auna ƙurar sama da hasken rana, bayananta a buɗe suke ga kowa a intanet.

A waje, ga wuraren da suka yi suna. A Amurka akwai Jami'ar Dayton a jihar Ohio, wadda ke bayar da digiri na biyu da na uku da sunan ilektiro-optiks kai-tsaye. Akwai kwalejin CREOL ta Jami'ar Tsakiyar Florida a Orlando. Akwai kwalejin kimiyyar haske ta Jami'ar Arizona a Tucson. Sai cibiyar haske ta Jami'ar Rochester da aka kafa tun 1929. A Jamus akwai Jena, garin da kamfanin Zeiss ya tashi, da Karlsruhe, dukansu suna koyar da digiri na biyu da Turanci. A Ingila, Southampton ta shahara a harkar fayiba. A Afirka akwai cibiyar binciken leza ta Jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu, da cibiyar leza da fayiba ta Jami'ar Cape Coast a Gana.

Ra'ayina: in ba ka samu tallafi ba, yi digiri na biyu a gida ka yi shi da kyau, ka fitar da maƙala ɗaya mai nauyi, sannan ka nemi na uku a waje. Sayar da gonar gado don biyan kuɗin makaranta a Amurka ba shawara ba ce.

Mataki na 4: Nemo malami tun kafin ka cika fom

Nan ne ya kamata ka zauna sosai. Shiga shafin sashen, buɗe sunayen malamai ɗaya bayan ɗaya, ka duba abin da kowa ya wallafa cikin shekara 3 da suka wuce a Google Scholar. Wanda rabonsa da wallafa ya daɗe, da wuya yana da kuɗin bincike. Wanda ɗalibansa ke fitowa a sahun farko na maƙaloli, alama ce yana barin yara su girma. Ka tace su zuwa mutum 8 ko 10.

Sai wasiƙa. Ta zama gajera, sakin layi uku ya isa. Na farko: wane ne kai, me ka karanta, da wane maki. Na biyu: wace maƙalarsa ka karanta, kuma wace tambaya ta tsaya maka a cikinta. Na uku: ga ɗan aikin da ka yi da Python, ga takardar tarihin karatunka, ko yana ɗaukar ɗalibi bana? Mu nan mun saba da doguwar gaisuwa, a tambayi gida da iyali da gajiya, kuma daidai ne a tsakaninmu. Amma farfesan da ke da saƙo ɗari a akwatinsa layi biyu na farko yake karantawa. Kada ka yi kirari, kada ka ba da labarin talauci, kada kuma ka tura wasiƙa ɗaya ga mutum goma ka manta ba ka canza suna ba.

In malamin gida ne, ka je ofishinsa da ƙafarka, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka yi tambaya uku cikin ladabi: Malam, na'urar da aikin nan ke bukata tana nan kuma tana aiki? Ɗalibai nawa ne a hannunka yanzu? Na ƙarshe da ya gama, shekara nawa ya yi? Bayan ka fita, nemi tsofaffin ɗalibansa ka sha shayi da su. Abin da za su gaya maka ba ya cikin kundin makaranta.

Gargaɗi: a Amurka wani ɓangare na binciken wannan fanni sojoji ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma dokar ƙasar ta hana baƙo taɓa wasu ayyukan. Dayton, alal misali, maƙwabciyar sansanin sojan sama na Wright-Patterson ce. Ka tambayi malami ƙarara ko aikin da zai ba ka a buɗe yake ga ɗan ƙasar waje.

Mataki na 5: Takardun neman gurbi, bisa jeri

Karatu a Amurka yakan fara a Agusta, kuma mai neman tallafi yawanci sai ya miƙa komai tsakanin Disamba da Janairu. Daga nan za ka ƙirgo baya.

Tiranskirif shi ne farko, domin shi ya fi cin lokaci kuma ba a hannunka yake ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nema tun watan Yuni ko Yuli, ka biya ta hanyar da jami'a ta tanada, ka riƙe rasit, ka riƙa leƙawa. Ka tabbatar sunanka da jerin sunayenka iri ɗaya ne a fasfo, takardar digiri da tiranskirif. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da aiki na makonni.

Na biyu jarrabawar Turanci. IELTS maki 6.5 shi ne abin da aka fi nema, ko makamancinsa a TOEFL. Sakamakon shekara 2 yake aiki, don haka kada ka yi ta da wuri fiye da kima. Kuɗin IELTS ya haura naira 200,000, ga kuɗin mota da masauki in za ka Kano ko Abuja. Kafin ka biya, ka tambayi makarantar: da yawa suna yafe wa ɗan Najeriya, ko su karɓi wasiƙar jami'a cewa da Turanci aka koyar da kai. Haka GRE, jarrabawar shiga karatun gaba da digiri a Amurka: sassa da dama sun daina nema, wanda ya yi kuma sakamakonsa na shekara 5 ne.

Na uku wasiƙun shaida, galibi guda 3. Malamin da ya duba aikinka na ƙarshe ya fi babban farfesan da bai san fuskarka ba. Ka ba su wata guda, ka kai musu tarihin karatunka, kuma ka tuna musu cewa saƙon makarantar na iya faɗawa cikin akwatin tarkace na imel ɗinsu.

Na huɗu bayanin manufarka, shafi ɗaya zuwa biyu: abin da ka riga ka yi, abin da kake son bincika, da dalilin zaɓen wannan sashe.

Mataki na 6: Lissafin kuɗi

Kuɗin fom a jami'o'in Amurka yakan kama daga dala 50 zuwa 100 kowace ɗaya, tantance takardu kuma wajen dala 200 ko fiye. Wasu sassan suna yafe kuɗin fom in ka roƙa da wuri.

A Amurka, digiri na uku a kimiyya da injiniya a ƙa'ida ba ɗalibi ke biya ba. Ana ɗaukarka mataimakin bincike ko mataimakin koyarwa, a yafe maka kuɗin makaranta, a ba ka alawus duk wata. In aka ba ka gurbin digiri na uku ba tallafi, ka ɗauka ba a shirya karɓarka ba. Digiri na biyu ne tallafinsa ke wuya.

A Jamus mafi yawan jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan kuɗin zango, amma jihar da Karlsruhe take tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Kuma kafin biza sai ka nuna kuɗin zama na shekara a rufaffen asusu, wanda ya kai yuro 11,904 tun daga 2024. Tallafin Erasmus Mundus yana biyan kuɗin makaranta da yuro 1,400 a wata, kuma shirin Europhotonics na cikin waɗanda suka fito daga wannan tsari. Sauran ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa: DAAD ta Jamus, tallafin Kwamanwel, PTDF, hukumar tallafin karatu ta jiha, da TETFund in kai ma'aikacin jami'a ne, sai dai ka fara tambayar ofishinku ko a wannan shekarar na gida take biya ko har da na waje. Ƙungiyoyin masana haske na SPIE da Optica suna ba ɗalibai ƙananan tallafi, kuma kuɗin rajistar ɗalibi ba shi da yawa. Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana shirya gajeren kwas kan haske, kuma takan ɗauki nauyin mahalarta daga ƙasashe irin namu.

Gargaɗi: duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka gurbi ko tallafi, ka riƙe aljihunka. Duk waɗannan da kanka ake nema.

Mataki na 7: Biza

Amurka: makaranta ta aiko maka da takardar I-20 mai shaida ta ɗauke ka, ka biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗalibai baƙi, da dala 185 na biza, a yi maka tambayoyi a Abuja ko Legas. Tun 2025 dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya ke ƙara tsauri, saboda haka ka karanta sanarwar ofishin jakadanci ta ranar kafin ka biya ko dala ɗaya, kuma kada ka jingina duk burinka ga ƙasa guda. Ingila: masu bincike a Fiziks da injiniyan lantarki sukan bukaci takardar ATAS, wato izinin gwamnati na karanta irin waɗannan fannoni, kafin biza, tana cin makonni, ga gwajin tarin fuka.

Mataki na 8: Abin da digiri na biyu ke nema a hannunka

A Amurka yawanci kiredit 30 ne, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Kwas ɗaya kiredit 3 ne, don haka mai rubuta kundi yakan yi kwas 8, sauran kiredit 6 na bincike. A Jamus kiredit 120 ne na tsarin Turai cikin shekara 2. A Ingila 180 ne cikin shekara guda, 60 daga ciki na kundi.

Kwasa-kwasan dole kusan iri ɗaya ne ko'ina: bin haske ta gilasai da madubai, bazuwar haske da lissafin Fourier, leza, fayiba da hanyoyin da ake kora haske a ciki, na'urorin gano haske, da na'urorin da wuta ke sauya wa haske hali, kamar dutsen litiyom-nayobet da ke kunna haske ya kashe sau biliyoyi a daƙiƙa a layukan sadarwa. Sai kwasan ɗakin gwaji.

A Amurka ana ba da zaɓi biyu: hanyar kundi da hanyar kwas zalla. In kana da niyyar digiri na uku ko koyarwa a jami'ar Najeriya, ɗauki ta kundi. Mai kwas zalla yakan dawo gida a ce masa ina bincikenka.

Gargaɗi: a Amurka sai ka riƙe matsakaicin 3.0, wato B. C guda ɗaya sai ka samo A kafin ta goge. In ka sauka ƙasa za a sa ka a jan layi, tallafi kuma na iya tafiya. Kada ka kwashi kwas 4 masu nauyi a zangon farko don nuna bajinta. 3 sun isa, ga sanyi ga baƙunta.

Mataki na 9: Ɗakin gwaji

Kafin a ba ka mabuɗi sai ka yi horon kariya daga leza. Jan hasken lezar hiliyom-niyon mai tsawon igiya nanomita 632.8 ido na ganinsa, kana iya kaucewa. Amma masu nanomita 1064 da 1550 ba a ganinsu sam. Lezar aji 3B da aji 4, wato mafi ƙarfi, tana iya lalata ido kafin ka ƙifta. Tabarau na kariya kowanne da irin hasken da yake tarewa, a rubuce yake a gefensa, ka karanta kafin ka saka. Cire agogo da zobe, domin suna mayar da haske inda ba a zata ba. Kada ka sunkuya idonka ya zo daidai da saman teburin. In biro ya faɗi, rufe lezar tukuna.

Ga masu aiki a gida, ƙura ce babbar abokiyar gaba. A watan Janairu ka bar madubi a buɗe da safe, kafin la'asar ya yi fari. Hannu zai kai ga bakin riga don gogewa, kuma goga ɗaya ta isa ta karce rufin madubin da aka saya da dala. Ana fara hure shi da 'yar robar iska, sannan a ɗiga sinadarin gogewa a takardar gilashi ta musamman, a ja sau ɗaya, a yar. Zafin Afrilu kuma yana sa leza ta riƙa gocewa, don haka ka kunna ta ta zauna kamar rabin awa kafin ka fara aunawa, ka rubuta zafin ɗakin a littafinka kowane lokaci, ka kuma sa mata na'urar daidaita wuta.

Mataki na 10: Digiri na uku

A gida sai kana da digiri na biyu na bincike da maki mai kyau, yawanci 3.5 cikin 5 ko sama, kuma mafi ƙarancin zama shekara 3. A Amurka ana iya shiga kai-tsaye daga digirin farko. Jimillar kiredit bayan digirin farko wasu 72 suke nema, wasu 90, kuma shekara 4 zuwa 6 ake yi. A Ingila da Jamus kusan bincike ne zalla, shekara 3 zuwa 4.

Jerin a Amurka haka yake: kwasa-kwasai, sai jarrabawar tantancewa a shekarar farko ko ta biyu kan manyan kwasan nan, wadda galibi sau biyu kawai ake ba mutum dama. Tambayi sashe tsofaffin tambayoyi, ka haɗa kai da 'yan ajinku. Daga nan a kafa maka kwamitin malamai, ka kare tsarin bincikenka a gabansu, sannan ka shiga aikin gadan-gadan. A gida kuwa gabatar da tsari ne a sashe, sai taron bayanin ci gaba, sai karewa ta cikin gida, kafin mai jarrabawa na waje.

Kusan ko'ina ana son maƙala kafin a bar ka ka kare. Mujallun fannin da ake girmamawa sun haɗa da Optics Letters, Optics Express da Applied Optics. Mujallar da ta aiko maka da imel tana alƙawarin wallafawa cikin mako guda in ka biya, guje mata. Kwamiti na gane ta, kuma tabon ba ya fita daga tarihin aikinka.

Mataki na 11: Rubutu da karewa

Fara rubutu tun kana tsakiyar gwaji. Yi amfani da manhajar tsara rubutu ta LaTeX saboda yawan lissafi, da Zotero don tara madogara, ka kuma ajiye kwafin bayananka a wuri biyu, ɗaya a intanet. Za a bi kundin da manhajar gano satar rubutu, har da abin da ka kwafo daga tsohuwar maƙalarka ba tare da ka ambata ba.

Makarantar gaba da digiri tana da ranar rufe karɓar kundi kowane zango, da ƙa'idar tsara shafi. Ka karɓo su tun da sauran wata 6. Ranar karewa za ka yi bayani na minti 30 zuwa 45, sai tambayoyi. Mai jarrabawa a wannan fanni yana son ya nuna zane guda ya ce kuskuren awonka nawa ne kuma daga ina ya fito, don haka ka san amsar wannan ga kowane zane da ke cikin kundin. Gyaran da aka ba ka yana da wa'adi: ka yi shi a makon, malaminka ya sa hannu, ka miƙa kwafin ƙarshe, ka warware da laburare da ofishin kuɗi. In a waje ka yi karatun, ka karɓi tiranskirif ɗinka kafin ka hau jirgi, domin ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja za ta nema lokacin tantance shaidarka.